Kukan Mujiya da Ɓatan Ungulu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai riƙe da tsuntsu a sararin sama, Mai ciyar da baƙo a garin da ba nasa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka, 'yan'uwa maza da mata na Fatakwal da Anaca da Inugu, da duk inda wannan takarda ta isa, a jakar direba ko a waya, ga abin da ke tafe da mu.

Abu biyu ne suka faru cikin makonnin nan, su suka sa muka ɗauko wannan magana. Na farko, wani bawan Allah daga cikinmu mai kai manja Arewa. An gama lodi, an ɗaure tamfol, an yi da direba za a tashi bayan sallar asuba. Cikin dare sai mujiya ta sauka a kan rufin ɗakinsa ta yi ta kuka. Gari na wayewa ya ce shi kam ba inda za shi. Kwana uku mota na tsaye, yana biyan kuɗin jira, sannan ya zo yana tambaya ko abin da ya yi daidai ne. Allah Ya saka masa da ya tambaya, don da yawanmu yi muke mu yi shiru. Na biyu, yara sun gano sheƙar mujiya a cikin silin makarantar Islamiyya, suka zaro 'ya'yanta uku suka kashe da duwatsu. Yara ne, ba mu ga laifinsu sosai ba. Abin da ya dame mu shi ne manya na tsaye a wurin, har wani na cewa sun yi aikin lada.

To jama'a, bari mu fara da hukunci, don shi ne ya fi nauyi.

Abin da muke kira camfi da tsuntsu, malamai suna kiransa ɗiyara, kuma asalin kalmar daga sunan tsuntsu ne a Larabci. Larabawan jahiliyya in ɗayansu zai yi tafiya ko zai ɗaura aure, sai ya fita ya kori tsuntsu. In ya tashi ya yi dama, sai ya ce tafiya ta yi kyau. In ya yi hagu, sai ya koma gida. Mujiya kuwa suna ganin duk gidan da ta sauka ta yi kuka, to mutuwa ta kusa shiga. Kun ga ke nan abin da muke yi yau ba sabo ba ne, tsohon kayan jahiliyya ne muka gada muka sa masa rigar al'ada. Manzon Allah (SAW) ya rushe shi. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi da tsuntsu, kuma ya ambaci wannan aƙida ta mujiya da sunanta ya kore ta. A ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi daga Abdullahi ɗan Mas'udu ya kira camfin shirka. A cikin Musnadin Imamu Ahmad kuma an bayyana iyakar abin: wanda camfi ya mayar da shi daga buƙatarsa, shi ne ya faɗa ciki.

A lura da wannan iyaka da kyau, saboda akwai rahama a cikinta. Faɗuwar gaba ba ita ce laifin ba. Mu da muka tashi muna jin kakanninmu na cewa a shigar da yara ɗaki in mujiya ta yi kuka, wallahi ko wanda ya yi karatu sai ya ji wani abu a ƙirjinsa in ya ji wannan ƙara cikin tsakar dare. Sahabi Mu'awiya ɗan Hakam ya kai wa Annabi (SAW) irin wannan ƙorafi game da mutanensa, kamar yadda Muslim ya ruwaito, sai aka nuna masa cewa abu ne da mutum kan ji a ransa, amma kada ya bari ya hana shi abin da ya nufa. Laifin yana farawa ne daga lokacin da ka sauke kaya, ko ka fasa ɗaurin aure, ko ka ce yaron nan mai zazzaɓi ba na asibiti ba ne tunda mujiya ta yi kuka a kansa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba mu tsoro, iyayenmu mata. Yaro na zafin jiki yana fizge-fizge, a nan ƙasar da sauro ba ya hutu rani da damina, a tafi neman mai turare a bar gwajin jini? Kwana ɗaya da aka ɓata a irin wannan hali yana iya zama shi ke nan.

An ruwaito cewa wata rana tsuntsu ya wuce yana kuka a majalisin Abdullahi ɗan Abbas, sai wani mutum ya yi saurin cewa alheri ne, alheri ne. Ɗan Abbas ya tsawata masa, ya nuna masa ba alheri ba sharri a cikin wannan kuka. Ko fassara ta alheri ma bai yarda a jingina wa tsuntsu ba. Gaibu na Allah ne. Ƙarshen Suratu Luƙman ya yanke maganar, ba rai da ya san abin da zai samu gobe ko ƙasar da zai mutu. In ɗan Adam mai hankali bai sani ba, ina mujiya za ta sani?

Kada wani ya fahimce mu a baibai. Ba mu ce a rufe ido a hau hanya ba. Ka duba tayoyi, ka tambayi direbobin da suka sauko jiya halin da hanyar Lokoja ko ta Makurɗi take ciki, in an ce gobe ana zaman gida ka bar motarka a inda take. Wannan riƙo da sababi ne, addini ya yi umarni da shi. In zuciyarka ta rabu biyu, ga sallar istihara, raka'a biyu da addu'a, ga shawarar mutanen kirki. Bambancin a fili yake: tsakanin sudaddiyar taya da haɗari akwai alaƙa da kowa ke iya gani. Tsakanin kukan mujiya da jarkokin manja fa, mece ce alaƙar?

To in ba mutuwa take kira ba, me take faɗa? Ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mujiyar da ke shiga silin ɗinmu, mai farar fuska, wannan ƙara mai kama da ihu da ita take kiran abokin zamanta, da ita take sanar da sauran mujiyoyi cewa wurin nan da mai shi. Hucin nan kuma da ake ji daga cikin rufi kamar minshari, har a ce aljanu ne, 'ya'yanta ne ke kukan yunwa. Abin da ya kawo ta unguwarmu kuwa mu muka tara mata shi: buhunan masara da wake da busasshen kifi a sito, da bola a bayan kasuwa. Inda hatsi yake akwai ɓera, inda ɓera yake mujiya za ta zo. Allah Ya yi mata kunnuwa ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, da su take auna daidai inda motsi yake cikin duhu, Ya kuma yi wa gashin fikafikanta laushin da in ta taso ɓera ba ya jin zuwanta. Mai shakka ya je ƙarƙashin inda take kwana, zai ga wasu curi-curi da take amayarwa. Ya sa tsinke ya fasa ɗaya, gashin ɓera ne da ƙasusuwansa. Uwa da uba masu ciyar da 'ya'ya suna cin ɗaruruwan ɓeraye a shekara. A ƙasar Maleshiya masu gonakin kwakwar manja har akwatuna suke kafa mata a kan sanduna don ta zauna ta yi musu gadi. Mu kuwa da muke maƙwabtaka da Ebonyi da Edo, inda zazzaɓin Lassa ke tashi kusan kowane rani, kuma ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, mu ne muke jifan mai gadin muna neman lada.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu. Da Annabi (SAW) ya dawo ya gan ta, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ku duba nan. Ya kalli motsin tsuntsuwa ya karanta shi, kuma abin da ya karanto shi ne halin da ita take ciki. Bai karanto makomar tafiyarsu ba.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da muka yi sakaci da shi. Musulunci da ya hana camfi bai ce mu toshe kunne ba. Alƙur'ani cike yake da kiran mu ɗaga kai mu duba. A Suratul Mulk aya ta 19 da Suratun Nahl aya ta 79 an ja hankalinmu ga yadda tsuntsu ke shawagi ba igiya ba ginshiƙi. A Suratul An'am aya ta 38 an sanar da mu cewa su ma al'ummu ne irinmu. A Suratun Nur aya ta 41 an gaya mana suna da tasu sallar da nasu tasbihin. Gawar farko da aka binne a bayan ƙasa, daga hankaka ɗan Annabi Adamu ya koyi yadda ake yi, ga shi nan a Suratul Ma'ida. Annabi Sulaimanu (AS) an sanar da shi maganar tsuntsaye, wannan mu'ujiza ce tasa, duk wanda ya ce maka yau yana jin zancensu yana ba da labarin gobe, maƙaryaci ne mai neman kuɗinka. Amma akwai wani abu a ƙissar da kowa zai iya koyi da shi. Sarki ne mai rundunar mutane da aljanu, duk da haka da ya duba tsuntsaye sai ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Iyayenmu a gida sun iya irin wannan karatu na halal. Manomi a ƙasar Katsina ko Maraɗi in ya ga shamuwa ta dawo ta fara gyara sheƙa a kan kuka ko tsamiyar tsakar gari, ya san lokacin gyaran gona da fito da iri ya yi. Ba duba ya yi ba. Shamuwa abincinta fara da tsutsa da kwaɗi, su kuma ruwa ke fito da su, don haka tana tafe ne tare da damina. In kaka ta yi sai ta tashi ta tsallaka har ƙasashen kudancin Afirka inda ruwa ya koma. Sunnar Allah ce a cikin halittarsa, wanda ya lura ya amfana. Haka makiyayi ke gane akwai ruwa a gaba daga inda kurciyoyi suka nufa da yamma. Haka uwar gida in ta ji kaza ta yi wani irin kuka 'yan tsaki sun ruga ƙarƙashinta, ba sai ta ɗaga kai ba ta san shaho ne. In ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a bishiya ɗaya suna ta tsiwa ba ƙaƙƙautawa, je ka duba da sanda a hannu, ko maciji ne, ko kyanwa, ko mujiya ce rana ta same ta a fili. Daga nan ne ma muka samo cewa an mai da wane mujiya.

Da muka zo Kudu sai muka ajiye wannan ilimi a tasha, muka shigo da camfin kaɗai. Ga shi kuwa nan ma littafin a buɗe yake. Shirwa da kuke gani tana shawagi a kan kwata da bakin kogin Anaca, ba duk shekara take nan ba. Wajen watan Oktoba take sauko mana, ta yi rani tare da mu, tana bin hayaƙin gobarar daji tana cafke farar da wuta ta kora, in ruwa ya kankama sai ta yi Arewa. 'Yar cin rani ce kamar da yawanmu. Balbela na bin shanu a Garki ta Inugu da kasuwar Ugwuoba kamar yadda take bin su a Maigatari, tana cin ƙwarin da kofato ya tayar. Kabare, rawayan tsuntsun nan mai surutu, namijin ne ke yago ganyen kwakwa ya saƙa sheƙa, macen ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba ya sake wata. Magidanta dai sun gane. Ragon maza kuma, mai jan fiffike da baƙin kai, wanda ya fi son tsalle cikin ciyawa da tashi sama, kukansa kamar ana tsiyaye ruwa daga kwalba, za ku ji shi a bayan gidaje da sassafe, musamman da damina.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne wani jinsin tsattsewa da ke zuwa daga Turai. Nauyinta bai wuce giram 20 ba, ko rabin ƙwan kaza ba ta kai ba. In sanyi ya shigo can sai ta taso, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, wasu su sauka nan kusa da mu, a tsaunukan Boje da ke ƙaramar hukumar Boki ta Jihar Kuros Riba, inda dubban dubbai ke kwana cikin dogayen ciyayi. Ba guzuri, ba fasfo, ba ɗan'uwa mai jiranta a tasha. Suratul Ankabut aya ta 60 ta yi mana zancen irin waɗannan halittu da ba sa ɗauke da abincinsu. Kuma duk mun san hadisin Sayyidina Umar da Tirmizi ya ruwaito, inda aka buga mana misalin tawakkali da tsuntsu, yadda yake fita da safe ciki wayam ya dawo da yamma a ƙoshe. Malamai sun ce a lura, fita yake yi, ba zama yake a sheƙa ba. To ɗan'uwanmu mai manja, tsuntsun da aka ce ka koyi fita daga gare shi, shi ne ya zaunar da kai kwana uku?

Yanzu mu koma ga tambayar Annabi Sulaimanu. Wane tsuntsu ne ba ya nan?

Dattawan da suka riga mu zuwa, musamman mahauta, ku tambaye su. Da can a kowace kwata, a Fatakwal ko Anaca ko Inugu, kamar dai a Kano da Sakkwato, ungulaye ne jere a kan rufi suna jira a watsar da tumbi. Sai an kore su da sanda. Yau mutum zai yi wata bai ga ko ɗaya ba, kuma akwai yaranmu da aka haifa a nan da ba su san ta ba sai a karin magana. Ta ɓace a kan idonmu, ba wanda ya tsaya ya ce ina take. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa a duniya, ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin waɗanda suka kai gaɓar ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka in an kashe goma a rana ɗaya, an share aikin shekaru.

Me ke kashe ta? Akwai sare manyan bishiyoyin da take sheƙa a kai, akwai guba da ake sa wa mushe. Amma a ƙasar nan babban abin shi ne kasuwa. Ana sayen kanta da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta don haɗa asiri, na farin jini, na cin caca, na ganin abin da ke ɓoye. Kuma mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: cikin masu kamowa da masu safara da masu shimfiɗa ta a kasuwa, akwai masu jin yarenmu, masu yin sahu tare da mu. Tunda ta yi ƙaranci a gida har daga Nijar da Cadi da Kamaru ake shigo da ita. Kun ga inda camfi ya kai mu. Tsuntsun da muke jin tsoro mun kashe shi don tsoro, wanda muke zaton yana da sirri mun kashe shi don kwaɗayi. Mai saye ya tafi wurin boka, mun san abin da hadisin Muslim ya faɗa game da sallar kwana arba'in ta wanda ya je ya tambayi mai duba. Mai sayarwa kuma ya taimaka a kan saɓo, ya ci kuɗin. Nasa'i ya ruwaito cewa ko ɗan ƙaramin tsuntsu aka kashe ba da haƙƙi ba, Allah zai yi tambaya a kansa.

Wani zai ce, to ungulu dai, ƙazamar tsuntsuwa, in ta ƙare sai me? Ai ungulu ba ta jewar banza. Allah Ya yi ta ne ma'aikaciyar tsafta da ba a biya. Ruwan cikinta yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, ta cinye mushe kafin ya ruɓe ya shiga rijiya da rafi. Mutanen Indiya sun ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 aka yawaita yi wa shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Saniya ta mutu, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu jinsunan suka ƙare. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan bola suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana amfani da maganin ga dabbobi. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan rabin miliyan a can tsakanin 2000 da 2005. Mu masu harkar shanu da magungunan dabbobi, wannan labari namu ne.

Akwai kuma wani abin da ya shafe mu a matsayinmu na baƙi. Mutanen Inugu ba su manta ba, a watan Yunin 2019 aka ga gomman ungulaye sun faɗo matattu a kasuwar Eke Ihe da ke ƙaramar hukumar Awgu. Kafin a ce me, hotuna sun cika wayoyi, jita-jita ta bazu cewa naman da ake sayarwa ne ke da guba. Kowa ya san wa ake kallo a ƙasar nan in an ce nama. Mai neman kawunan ungulu ya zuba gubarsa ya kwashe ya tafi, mai tireda da mai suya da mai tura baro su ne za su kwana da fargaba. Zaman da muke yi a nan zaman amana ne, iyayenmu sun daɗe suna gina shi, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Bai kamata a bar kwaɗayin mutum biyu ko uku ya taɓa shi ba. Muna roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da sarakunan fawa su sa ido. Wanda ke wannan sana'a a kira shi gefe a yi masa nasiha cikin mutunci, a taimaka masa ya canja jari. Maganin gargajiya na ganye da sassaƙe da saiwa yana nan da faɗinsa.

Haka zancen aku. Ajiye tsuntsu a gida ba haramun ba ne in ana ba shi haƙƙinsa, ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsunsa da yake wasa da shi, Annabi (SAW) har yakan tambaye shi labarinsa. Amma akun nan mai ruwan toka da jan wutsiya da ake kamowa daga dazuzzukan yankin nan a cusa cikin kwali a yi Arewa da shi, da yawa a hanya suke mutuwa. Tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana fataucin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Direba, in an ba ka irin wannan saƙo, ka san abin da ka ɗauka.

Kada kuma a wuce gona da iri. Abin da ke cutarwa shari'a ta ba da damar a kare kai daga gare shi, hadisi ya ambaci hankaka da shirwa cikin waɗanda aka yarda a kashe saboda ɓarnarsu. Wanda shirwa ta addabi kajinsa yana da uzuri, farauta don ci ma halal ce. Abin da aka hana shi ne kisan banza. Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Iyaye, danƙon da ke aljihun ɗanku, ku tambaye shi me yake harbi da shi, kuma in ya harbo me yake yi da shi.

Mun san rayuwar nan ba ta barin mutum ya saurari komai. Janareta na ruri, masu kiran fasinja na ihu, waya na ƙara. A Fatakwal tun wajen ƙarshen 2016 muka san baƙin hayaƙin nan mai kama da kunkunniya, wanda ke sauka a kan tabarmin masallaci da farar riga, kuma iskar da muke shaƙa ita tsuntsayen ke shaƙa. Duk da haka akwai ɗan lokaci tsakanin sallar asuba da fitowar rana da gari ke yin tsit. Zakara ne ke buɗewa, shi da Abu Dawuda ya ruwaito an hana zaginsa saboda yana tayar da mutane salla, Bukhari da Muslim kuma suka ruwaito cewa in an ji caransa a roƙi Allah falalarsa. Bayansa sai sauran su biyo, kowa da lokacinsa, kurciya daban, ragon maza daban. In ka idar da azkar, maimakon ka zaro waya, ka ɗan zauna a ƙofar masallaci da ɗanka minti biyar. Ka ce masa wancan kurciya ce, wancan hankaka ne, waccan balbela ce za ta wurin shanu. Yaranmu na nan sun iya Ibo da Turancin kasuwa, madalla, amma sunayen nan in ba mu ba su ba, ba mai ba su. Su kuma abokan zamanmu ka tambaye su yadda suke kiran nasu, za su ce maka ungulu udele ce, daga nan hira ta buɗe.

Game da silin Islamiyya, kwamitin masallaci ya zauna. Uwar mujiyar tana nan tana zagayawa da dare. An yanke cewa za a toshe ramin saboda ƙazanta da tsoron yara, kuma wani ɗan'uwa kafinta ya ɗauki nauyin ƙera akwati a kafa a bayan siton hatsi, nesa da ajin. Za a kuma ajiye kasko na ruwa a bayan wurin alwala idan rani ya shigo, ana sauya shi kullum don kada sauro ya samu gida. Malaman Islamiyya za su karanta wa yara hadisin 'yar tsuntsuwar nan ranar Asabar, muna roƙon iyayen waɗanda abin ya shafa su zo tare da su, ba don a kunyata kowa ba.

Ɗan'uwanmu mai manja ya riga ya isa Kano lafiya, ya kuma yi istigfari, shi ya ba mu izinin kawo labarinsa ba tare da suna ba. Allah Ya karɓa masa, Ya tsare matafiyanmu da ke kan hanya a wannan mako, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da garuruwan da muke ciki lafiya.